Ba Kowane Ciwon Mara Ba Ne Ciwon Sanyi

A yawancin gidajenmu, daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, idan yarinya ta kwanta tana murƙususu lokacin al'ada, abin da za ta ji shi ne ta yi haƙuri, zai wuce in ta yi aure. In abin ya tsananta sai a tafi kemis, a ce sanyi ne, a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ni ina ganin a nan ne ake fara ɓata hanya.

Akwai wata cuta da likitoci ke kira endometiriyosis. Mai karatu zai tuna daga darasin bayoloji cewa cikin mahaifa yana da shimfiɗa wadda take kauri kowane wata, sannan ta zube ta zama jinin haila. To, a wannan cuta irin wannan shimfiɗa ce take tsirowa a wajen mahaifa, a kan ma'ajiyar ƙwai, ko hanji, ko mafitsara. Ita ma tana bin sinadaran jiki kowane wata, amma jininta ba shi da mafita. Sai kumburi, da tabo, da mannewar kayan ciki, wani lokaci har da rashin haihuwa, wanda a nan mace ce kaɗai ake ɗora wa laifinsa. Babu ƙwayar cuta a ciki, don haka maganin sanyi asarar kuɗi ne kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana damun mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, wato kimanin miliyan 190. Da can an ɗauka ba ta cika kama baƙar fata ba. Gaskiyar magana ita ce ba a neme ta ba. Ko a Turai akan shafe shekaru kafin a gano ta.

Sau da yawa tabbatar da ita yana bukatar hoton ciki daga ƙwararre, ko aikin leƙa ciki da ƙaramar kyamara, kuma wannan sai manyan asibitoci irin su Barau Dikko a tsallaken kogi, ko Shika a Zariya. Amma fara magani bai jiran tiyata. Maganin rage zafi da ƙwayoyin daidaita sinadaran haila suna taimakon mata da yawa. Saboda haka ya kamata a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa su yi zargin cutar, su tura marar lafiya Asibitin Gwamna Awan, hukumar KADCHMA kuma ta ɗauki nauyin hoton.

Malamai kuwa, rajistar aji tana hannunku. Ɗalibar da take ɓacewa kwana biyu ko uku kowane wata, a kira mahaifiyarta kafin a ɗauko bulala.