Masu Ƙin Waƙar Kyau

Akwai waɗansu malamai da ba su yarda a karanta wa yara waƙar zamani a makaranta, sai fa in ta wa'azi ce ko ta tarihi. Da an kawo musu waƙar da wani saurayi ya tsara a kan zanen da magini ya yi a fuskar soro, da yadda damina ta ke cinsa kaɗan kaɗan har ya koma laka, sai su ture takardar su ce shiririta ce. Wai ba ta horo, ba ta hani, me yaro zai ƙaru da shi?

To, a tambaye su abin da a ke karantarwa a zaure. Almajirin da ya ɗauki littafin mawaƙan Jahiliyya shida, da Imru'ul Ƙaisi ya ke farawa, babbar ƙasidarsa kuwa da kuka a kan kufan masoyiya ta buɗe. Ka'abu ɗan Zuhairu da ya zo Madina neman afuwa, a gaban Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya rera Banat Su'adu. Kafin ya kai ga yabo sai da ya siffanta idon Su'adu da haƙoranta, ya koka da tafiyarta. Ba a tsawata masa ba, mayafi aka ba shi. Malam Abdullahi na Gwandu ma, da ya tara waƙoƙinsa cikin Tazyinul Waraƙati a 1813, bai ƙyamaci tsayawa a gidajen masoya ba. Ashe abin da ya ke ilmi da Larabci shi ne wasan yara da Hausa?

Gaskiyar magana, gudun wahala ne. Waƙar wa'azi ta fi sauƙin koyarwa: malami ya fitar da jigo, yara su haddace, a ci jarrabawa. Waƙar soro kuwa sai an zauna mata. Sai an rera ta da murya a ji inda kari ya yi nauyi. Sai a tambayi yaro dalilin da mawaƙi ya ambaci makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa da a ke shafa wa bango domin ya jure ruwa, alhali ya san ba ta hana shi zubewa, jinkiri kurum ta ke sawa. Yaron da ya gane wannan zai tambaya da kansa ko baitin ma wata makuba ce. Malamin da ya ture takarda bai shirya wa wannan tambaya amsa ba.