Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Direbobin Ƙananan Motoci Masu Bin Hanyoyin Dutse

Zuwa ga 'yan'uwana direbobi, iyayen gida da ƙanne, musamman masu jan Golf da Starlet da makamantansu a hanyoyin Jos da Mambila.

Dalilin wannan takarda shi ne, tun da ƙaramar motar nan mai ƙofa a baya ta zama abin hawan talakawa, saboda ƙarancin shan manta, da arahar kayan gyaranta, da shigarta lungunan da babbar bas ba ta shiga, rayukan jama'a masu yawa sun koma amana a hannunku, nasiha gare ku kuwa ta zama wajibi a kan duk wanda ya san wani abu na wannan al'amari. Abin da nake so ku riƙe shi ne, masifar da kan auka wa mota a gangaren dutse, galibi an riga an ƙulla ta tun a wurin ciniki, aka ƙara mata ƙulli a tasha wajen lodi, dutsen kuwa iyakarsa ya tona abin da aka ɓoye.

Mu fara da saye. Ku tuna cewa motocin nan sun manyanta, domin Golf ta uku ta fito ne a 1991, tsohuwar Starlet kuma an daina ƙera ta a 1999, har ma autarsu ta haura shekara ashirin da biyar, kuma kowace ta gama rayuwa guda a ƙasar wasu kafin ta sauka a Kwatano ko Legas. Saboda haka kada ƙyallin fenti ya ɗauke muku hankali. Wanda zai saya ya tafi da sassafe tare da bakanikensa, ba na dillali ba, ya ɗora hannu a kan bonet ya tabbata injin ya kwana a sanyi, sa'an nan a tayar yana tsaye a bayan salansa yana kallo. Idan hayaƙi ya fito shuɗi-shuɗi, injin na cin baƙin mai; idan fari ne mai kauri, ya ƙi yankewa bayan mota ta yi ɗumi, ruwa na shiga inda bai kamata ba, gasket ya tafi; idan baƙi ne, fetur take zubarwa. Ya buɗe murfin baƙin mai ya duba cikinsa ko akwai farin kumfa mai danƙo, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa da wurin ajiye safaya ya nemi tsatsa, gama a Turai gishiri ake watsa wa hanya lokacin ƙanƙara, shi ne ke cin ƙarfen mota daga ƙasa. Ya gwada lambar da ke jikin mota da wadda ke takardun kwastan, harafi da harafi. Daga nan sai gwaji, kuma gwajin da aka yi a shimfiɗaɗɗiyar kwalta bai isa shaida ba, sai an ɗora mata mutane an nemi hawa, domin a nan ne kulocin da ya cinye ke bayyana kansa, ka ji ƙugin inji na ƙaruwa amma gudu bai ƙaru ba.

Wanda kuma zai sayar, ya sani malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa ɓoye aibin haja algus ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa; la'adar da dillali ya ci a kan irin wannan ciniki ba ta da albarka. Mai saye shi ma kada ya juye aljihunsa kakaf a kan kuɗin mota, ya rage abin da zai sake tayoyi, da fatun birki, da man birki, da bel ɗin taimin, tun kafin ya ɗauki fasinja na farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar da zanenta ke da kyau amma ta tsufa ta bushe, zafin kwaltarmu ne zai fasa ta.

Sai maganar lodi, wadda na san ita ce mai ɗaci. Waɗanda suka ƙera motocin nan sun yi su ne domin mutum biyar har da direba, kuma duk abin da aka yardar musu su ɗauka, mutane da kaya, bai cika wuce kilo 400 zuwa 500 ba. Amma abin da ido ke gani a tashoshinmu shi ne biyu a gaba, huɗu a baya, wani lokaci har da wanda ya raba kujera da direba, ga buhunan dankali ko masara an cusa a but, ƙofar baya a wangame an ɗaure ta da igiya. Ban jahilci uzurinku ba: akwai balas na mai mota, da tsadar mai, da rabon 'yan kamasho, da abin da ake bari a shingaye. Sai dai ƙarfe ba ya karɓar uzuri. Motocin nan da tayoyin gaba suke ja, da su kuma suke juyawa, to, idan nauyi ya taru a baya har gindin mota ya zauna, sai gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako a hannu, fitila ta koma haska sama, tayoyin da ya kamata su kama ƙasa a hawa su riƙa sulɓi, musamman in an yi ruwa. Ƙofar bayan da aka bari a buɗe kuma tana janyo hayaƙin salansa zuwa cikin mota, shi ne ke kawo ciwon kai da gyangyaɗin da ake ɗora wa gajiya. Kuɗin fasinja guda da aka ƙara bai kai kuɗin shakazoba ba, balle ran mutum, garin neman ƙiba kuwa akan samo rama.

Game da hawa, ku lura cewa Jos tana kimanin mita 1,200 bisa teku, tudun Mambila kuwa kimanin mita 1,600, kuma gwargwadon yadda aka yi sama haka iska ke raguwa, inji yana rasa wajen kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100. Ke nan motar da ta bar Serti da kuzarinta, ta kama dutse daga Mayo Selbe, kafin ta isa Maisamari da Nguroje ta rage ƙarfi ƙwarai, ba don ta lalace ba. Hikima ita ce a sauko da giya tun mota ba ta fara shaƙewa ba, a bar injin ya yi ta juyi cikin walwala a lamba biyu, a kashe na'urar sanyaya mota, ido kuma yana kan allurar zafi. In allura ta yi sama, a nemi fili a tsaya, kada kuma a kuskura a buɗe murfin lagireto sai ya huce, domin ruwan da ke ciki a matse yake, zai yi tsiri ya sale fuska. In tsayawa ta kama a tsakiyar hawa, a ja birkin hannu a sa weji, kada a riƙe mota da rabin kuloci. Ba a wuce mota a kwanar da ba a ganin bayanta, a yi ham kafin a shige ta, in hazo ya sauko a rage hasken fitila zuwa na ƙasa, inda hanya ta ƙuntata kuma mai saukowa shi ke ba mai hawa hanya.

Amma gangara ita ce babbar jarrabawa, kuma duk wanda ya san Hawan Kibo, a ƙasar Riyom bisa hanyar Jos zuwa Akwanga, ya san abin da nake nufi. Aikin birki shi ne ya mayar da gudu ya zama zafi, kuma idan aka ɗora masa ƙafa tun daga kan dutse ba a ɗaga ba, zafin yakan taru har fatun su daina kamu, ya kuma ratsa zuwa man birkin kansa. Sabon mai irin wanda aka rubuta wa DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma da yake yana shan danshin iska a hankali, tsohonsa yakan tafasa a wajen digiri 155. Wannan ne ya sa ake sake shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba. Idan ya tafasa, direba zai fara jin ƙauri, sa'an nan birki ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafa, sa'an nan ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu abin da ya kama. Ƙa'idar da magabata a sana'ar nan suka bari ita ce, giyar da za ka hau dutse da ita, da ita za ka sauko, kuma tun a kan tudu ake sa ta, kafin mota ta ɗauki gudu. Injin ne zai riƙe motar, birki kuwa a taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci kafin kwana, a sake shi ya sha iska.

Babu ɗabi'ar da ta fi muni kamar sakin mota a firi don tsimin mai, mafi muni daga wannan kuma shi ne kashe inji ɗungum, domin ƙarfin da ke taimakon ƙafa wajen taka birki daga inji yake zuwa, taku biyu ko uku ya ƙare, sitiyari kuma yana iya kullewa in an murɗa makulli baya. Abin mamaki ma, motocin da ke da injekta, idan suna gangarowa cikin giya ƙafa ba ta kan totur, da kansu suke yanke mai, ta yadda mai sakin firi ya sayar da lafiyarsa bai karɓi ko kwabo ba. In kun ji ƙauri, ku tsaya a wuri mai fili nesa da kwana, ku bar birkin ya huce da kansa, kada ku watsa masa ruwa ƙarfen ya karkace. In kuwa ya riga ya tsinke, Allah Ya kiyaye, a yi ta bugun fedar da sauri, a sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, a ja birkin hannu sannu-sannu yatsa na danne da maɓallinsa, a goga gefen mota da jikin dutse in babu makawa, gama asarar ƙofa ta fi faɗawa kwari sauƙi. Ku kuma yawaita duban madubi, kada ku zauna a gaban tirela mai kaya a gangara, domin nata birkin ma abin gwaji ne.

Na sani idan haɗari ya auku akan ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne babu mai tsere wa abin da Allah Ya hukunta. Sai dai imani da ƙaddara bai ɗauke wa baligi mai hankali nauyin sakacinsa ba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun ɗora lamunin ɓarnar da dabba ta yi da ƙafarta a kan wanda ke bisanta ko yake janta ko yake kora ta, to, ina ga wanda ya san man birkinsa ya tsufa, ya ƙara lodi, ya saki firi? Kisan kuskure ma yana da diyya, yana da kaffarar azumin wata biyu a jere, kuma waɗannan hukunce-hukunce ba a ɗauke su daga kan mai sitiyari ba.

Ina roƙon shugabannin tasha da dattawan sana'a, kada su miƙa wa yaro makulli a hanyar dutse sai ya sauka gangaren nan sau da yawa a gefen wanda ya ƙware, kuma su sa ido a kan lodi kamar yadda suke sa ido a kan layi da kamasho. Allah Ya tsare ku a hawa da sauka, Ya halatta abin da kuke samu, Ya mayar da ku ga iyalanku lafiya.

Wassalam.

Naku, ɗan'uwanku mai fatan alheri.