A Daina Ɗora Wa Batir Laifi



Duk ranar da mota ta ƙi tashi da safe, mai sayar da batir ne ke shan zagi, wai kayan yanzu duk jabu ne. Akwai jabu, ba mu musa ba. Amma motar ce ta canza, gyaranta kuwa yana nan inda aka bar shi.

A zamanin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, da ka zare makulli batir ya huta. Motar yau ba ta barci. Ƙwaƙwalwarta, makullin nesa, da tirakar da ake sa mata saboda ɓarayi, duk suna tsotsar wuta dare da rana. Ga kuma mai turbo. Turbo na juyawa fiye da sau 100,000 a minti cikin hayaƙi mai tsananin zafi, shi ya sa a motoci irin su Volkswagen da BMW, fanka da wani ƙaramin famfon ruwa mai aiki da lantarki kan ci gaba da sanyaya shi na 'yan mintuna bayan an kashe inji. A lokacin altanato ya tsaya, batir kaɗai ke biyan wannan bashi. In tafiyar minti biyar aka yi, yaushe ya mayar da abin da ya kashe?

Sai a je gareji a ƙara masa kaya. A cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. A zare kan batir inji na aiki don gwada caji, abin da kan ƙona ƙwaƙwalwar mota. Motar da ke kashe kanta a danja tana buƙatar batirin AGM ko EFB, sai a cusa mata na gargajiya saboda araha, alhali araha ba ta ado. Ga zafin Afrilu da ke haura 40 yana cin batir ta ciki.

Mu dai abin da muke cewa shi ne a auna kafin a saya. Cikakken batir na nuna 12.6 a mita. In ya sauka ƙasa da 12.4 yana neman caji. In inji na aiki, a ga wajen 14. Mai wayarin da ba shi da mita canki-canka yake yi, kuma aljihunmu ke biya.

Muna jiran ra'ayoyinku a ƙasa, musamman masu sana'ar.