ZA'AFARAN DA ALBASAR DAJINMU

A wannan wata za mu yi magana bisa wani tsiro da ba ya fitowa a ƙasarmu, amma sunansa ya iso kasuwanninmu. Shi ne za'afaran. Alhazai sukan zo da shi tsaraba. Ana sa shi cikin shayi da shinkafa, wasu malamai kuma suna jiƙa shi su yi tawada. Duk duniya babu kayan yajin da ya kai shi tsada. Shi ya sa mai garka a bakin Komadugu zai iya tambaya: in na rage tattasai na shibka shi, ba zan fi samu ba? Kafin mu ba da amsa, bari mu san tsiron tukuna.

Mene ne za'afaran?

Za'afaran ɗan ƙaramin tsiro ne, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Turawa suna kiran danginsa kurokus. Yana da kai a cikin ƙasa kamar albasa. Ganyensa siriri ne kamar ciyawa. Wasu danginsa suna fitowa da kansu a duwatsun Turkiyya da Girka. Shi kuwa za'afaran ba ya yin ƴaƴa. Kan ake tonowa, a rarraba, a sake binnewa.

Ana binne kan a watan 8 ko watan 9, zurfin santimita 10 zuwa 15. Idan sanyi ya fara sauka, a watan 10 ko watan 11, sai fure ya ɓullo, mai launin shuni-shuni. A cikin kowane fure akwai jan zare guda 3. Wannan zaren shi ne za'afaran. Furen ba ya jimawa, cikin mako 2 zuwa 3 gona ta gama. Da asuba ake tsinke shi kafin rana ta buɗe shi. A gida a zauna a zare zaren da hannu, a shanya. Sai an tara fure kamar dubu 150 kafin a samu kilo 1 busasshe. Kun ga inda tsadar ta fito.

Ƙasar Iran ce ke noma kusan kashi 9 cikin 10 na za'afaran ɗin duniya. A Afirka kuma ana noma shi a Maroko, a yankin Taliwin, bisa duwatsu.

Zai yi a Diffa?

Za'afaran ɗan sanyi ne. Ba ya fidda fure sai zafi ya sauko wajen digiri 15 zuwa 17. Bayan fure, ganyensa yana buƙatar watanni da dama na sanyi, don ya ciyar da sabbin kawuna. Daga nan sai ganyen ya bushe, kan ya yi barci cikin busasshiyar ƙasa.

Yanzu mu dubi namu wuri. Gonakin Taliwin suna sama da mita 1.000 bisa tudu. Diffa kuwa wajen mita 300 take. A watan 10, zafin rana a nan yana wuce digiri 35. Sanyinmu gajere ne, na dare ne, a watan 12 da watan 1. Lokacin da kan yake son barci a bushe, lokacin ne damana take sauka mana da ruwa da zafi. Ƙasar bakin kogi kuma laka ce mai riƙe ruwa. Kan da ya kwana cikin laka mai ɗumi ruɓewa yake yi.

Akwai wani abu da ya kamata ku sani. Babban kai yakan zo da furensa a ɓoye tun daga ƙasar da aka tono shi. Kana iya binne shi ya yi maka fure sau ɗaya. Kada wannan ya ruɗe ka. Abin dubawa shi ne shekara ta biyu: kan ya haihu ko ya mutu? Wanda yake son gwaji, ya gwada kai 10 cikin tukwane masu yashi, a inuwa, lokacin ɗari. Kada ya taɓa kuɗin taki da na man injin ban ruwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Daga Shetimari zuwa Geskeru har Boso, tattasai ya san ƙasarmu, mu ma mun san shi. Ba a banza ake ce masa jan zinariyar Manga ba.

Mu ma muna da namu

Tsiro mai barci a cikin ƙasa ba baƙo ba ne gare mu. Bambancin shi ne, za'afaran sanyi yake jira, namu kuwa ruwa suke jira.

Akwai hatsin manoma. Yana fitowa a jigawa bayan ruwan farko. Furensa fari ne, yana buɗewa da yamma, kashegari ya yanƙwane.

Akwai albasar kwaɗi. Tana son fadama da bakin tabki. Ganyenta yana da faɗi, furenta fari ne mai jan zane a tsakiya.

Akwai albasar kura. Kanta babba ne, takan fidda dogon kara mai ƙananan furanni kafin ganye ya fito.

Waɗannan duka sunan albasa ko na hatsi kawai gare su. Ba a cin su, suna da dafi.

Makiyaya, ku yi hattara

A Turai akwai wani fure mai kama da za'afaran, suna fitowa lokaci guda. Ana ce masa kolshik. Yana kashe saniya, yana kashe mutum, ko ya bushe cikin ciyawa dafinsa yana nan. Da ƙirga ake bambanta su. Sandunan da ke ɗauke da garin fure guda 3 ne a za'afaran, guda 6 ne a kolshik.

Irin wannan dafin yana cikin wani tsiro na ƙasar Hausa, gatarin kurege. Yana hawa bisa itace da damana. Furensa ja da rawaya ne, saiwarsa a lanƙwashe kamar ƙotar gatari. Yaro yana iya ɗaukar ta rogo ce.

Ga bisashe, farkon damana ya fi haɗari. Albasar daji tana da guzuri a cikin kanta, don haka ganyenta yakan riga ciyawa fitowa. Dabba ta sha yunwar rani, duk koren da ta gani sai ta kai baki. Idan kun ga zawo, dalalar miyau da rashin ƙarfi bayan kiwo a irin wannan wuri, ku janye garke nan da nan. Ku tono tsiron da kansa da ganyensa, ku kai wa ma'aikatan kiwo. Idan yaro ne ya ci, a kai shi likita ba tare da jira ba, a tafi da ragowar abin da ya ci.

Aikin da za mu yi

Kowa ya ware shafi ɗaya a littafinsa. Ya ja layi gida 4:

1. Ranar da ruwan farko ya sauka.
2. Ranar da ya ga furen.
3. Wurin da ya gan shi: jigawa, fadama ko bakin kogi.
4. Launin furen da sunansa, da Hausa, da Barbarci ko da Fulatanci.

Wanda bai san sunan ba ya tambayi tsofaffi. Inda albasar daji ta yi yawa kusa da burtali ko rijiya, a kafa alama, a nuna wa yara masu kiwo. Bayan damana 3, ku haɗa littattafanku ku duba. Za ku san kwana nawa ne tsakanin ruwan farko da furen hatsin manoma a garinku. Za ku san fadamar da ya kamata garke ya kauce mata har ciyawa ta tashi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.