Sharhin Farfesa da Hukuncin Alƙali: Darasi Daga Taƙaddamar Ƙuri'un Abuja

Duk lokacin da babbar shari'a ta taso a ƙasar nan, kafin alƙali ya hau kujerarsa, gidajen rediyo da talabijin sun riga sun zaunar da nasu masanan. A gayyato farfesan shari'a daga jami'a, a ba shi 'yan mintuna, a nemi ya faɗi yadda za ta kaya. Washegari sai a ji maganarsa a majalisar unguwa da bakin kasuwa, an zubar da duk sharuɗɗan da ya gindaya, ta koma "ai farfesa ya ce". Wannan al'ada tana da amfani, tana kuma da haɗari, kamar yadda taƙaddamar ƙuri'un Abuja ta 2023 ta nuna.

Sashe na 134(2) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohin tarayya da Babban Birnin Tarayya, Abuja. A zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, Bola Tinubu ya cika sharaɗin jihohi, amma bai kai rubu'i a Abuja ba, inda Peter Obi ya yi rinjaye. Nan take masana shari'a suka rabu gida biyu a kafafen yaɗa labarai. Wasu suka ce ambaton Abuja da sunanta ya mayar da ita sharaɗi mai zaman kansa. Wasu suka kafa hujja da sashe na 299, wanda ya ce a ɗauki Abuja tamkar ɗaya daga cikin jihohi, don haka ƙuri'arta ba ta fi ta Kano ko ta Ebonyi daraja ba.

Watanni aka shafe kowane ɓangare yana yawo da faifan masanin da ya faɗi abin da yake so. A ranar 6 ga Satumba, kotun sauraron ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa, ƙarƙashin Mai Shari'a Haruna Tsammani, ta ɗauki fassara ta biyu, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hakan a ranar 26 ga Oktoba. Mutane da yawa da suka sakankance da fassara ta farko ba su ce masaninsu ya kuskure ba, sai suka ce kotu ce ta karkace. A nan haɗarin yake: idan aka sayar wa jama'a ra'ayi a matsayin tabbas, ranar da hukunci ya saɓa masa amanar kotu ce take zubewa.

Saɓanin masana ba alamar jahilci ba ce, domin nassin doka yakan ɗauki fuska fiye da ɗaya. A 1979 ma sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama tsakanin Obafemi Awolowo da Shehu Shagari kan nawa ne kashi biyu cikin uku na jihohi 19, kuma ƙuri'un Kano ne suka zama tsakiyar rigimar. Lamarin bai kuma tsaya a Najeriya ba. A Amurka, farfesoshi biyu, William Baude da Michael Stokes Paulsen, sun rubuta a 2023 cewa gyara na 14 na kundin ƙasarsu ya haramta wa Donald Trump sake riƙe muƙami, jaridu da talabijin kuma suka yayata maganar. Kotun ƙolin jihar Kolorado ta cire sunansa daga takardar zaɓe a Disambar shekarar, amma a Maris na 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke wannan mataki ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba.

Mai karatun fiƙihu ba baƙo ba ne ga wannan bambanci. Malamai sun daɗe da rarrabe aikin mufti da na alƙali, har Alƙarafi, malamin Malikiyya na Masar, ya keɓe wa mas'alar littafi guda. Mufti yana bayyana abin da ya fahimta, alƙali kuwa yana sauraron ɓangarori biyu, ya duba hujjojin da aka gabatar masa, ya yanke abin da zai zartu. Farfesan da ke gaban kyamara ya fi kusa da na farkon. Galibi bai ga dukkan takardun ƙarar ba, bai ji shaidu ba, kuma maganarsa ba ta ɗaure kowa.

Akwai kuma matsin da gidan yaɗa labarai yake yi masa. Lokaci kaɗan ne, kuma mai gabatar da shiri ya fi son amsa mai zafi da za ta yaɗu a Facebook. Ƙa'idojin aikin lauya a Najeriya sun hana lauyan da ke cikin shari'a yin maganar da za ta gurɓata ta a wajen kotu, amma mai sharhi daga gefe yana da sarari mai faɗi. Wasu masanan suna da jam'iyya, wasu sun taɓa ba gwamnati shawara, wasu suna da waɗanda suke karewa a wata ƙarar. Wannan ba laifi ba ne, ɓoye shi ne aibi, kuma wajibin ɗan jarida ne ya bayyana shi tun farkon hira.

Duk da haka, ba a ce masana su yi shiru ba. Hukunce-hukuncen manyan kotunan ƙasar nan da Turanci ake rubuta su, wani yakan kai ɗaruruwan shafuka. Farfesan da ya zauna ya warware su da Hausa ya yi wa talaka hidimar da kotu ba ta yi masa ba. Abin da ake nema gare shi shi ne ya rarrabe wa mai sauraro abubuwa uku: abin da doka ta faɗa, yadda kotuna suka taɓa fassara ta, da abin da shi kansa yake ganin ya dace. Ya kuma kawo hujjar abokin saɓaninsa da ƙarfinta.

Mai sauraro ma yana da nasa aikin. Ya tambayi kansa ko fannin da ake magana a kai fannin wannan masanin ne, domin gwanin dokar kamfanoni ba lallai ya ƙware a rabon gado ba. Ya nemi cikakkiyar hirar, kada ya dogara da guntun faifai. Idan kuma matsalar ta gidansa ce, ta fili ko aure ko gado, kada ya gina mataki kan sharhin rediyo. Ya ɗauki takardunsa ya tafi wurin lauya ko malamin da zai duba su da idonsa, tun wa'adin shigar da ƙara bai wuce shi ba.