Ja, Rawaya, Kore: Awon da Labaranmu Suka Manta

 

Mu faɗa wa kanmu gaskiya: asibitin da ke cikin littattafanmu kusan iri ɗaya ne. An kwantar da Alhaji a ɗaki mai sanyi, na'urori na ta ƙara a kansa, can sai likita ya fito yana share gumi ya ce, "Sai dai haƙuri." A fim muka ga wannan asibitin. Mu da muka tashi a ƙasar Haɗejiya mun san wani daban, kuma a ganinmu ƙirƙirar da ta fi cancantar alƙalaminmu ko lantarki ba ta buƙata. Wani ɗan siririn tef ne mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro, wanda ma'aikatan lafiya ke kira MUAC.

Ga yadda yake aiki. Daga wata 6 zuwa shekara 5, kaurin damtsen yaro mai lafiya ba ya canjawa sosai, amma da zarar tamowa ta fara cin jikinsa sai ya zube. Ana aunawa a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Idan awon ya kai santimita 12.5 zuwa sama, kore ne. Tsakanin 11.5 da 12.5 rawaya ne, wato a yi hattara. Ƙasa da 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, a garzaya asibiti ko da yaron yana wasa. Wannan iyaka ta 11.5, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ne suka tsayar da ita a 2009.

Tarihinsa ma ya ratsa ta Najeriya. A lokacin yaƙin basasa, ma'aikatan agaji sun yi amfani da awon damtse wajen tantance yaran da yunwa ta fi galabaitarwa. A 1974 likitoci biyu, Adnan Shakir da David Morley, suka wallafa dabarar raba tef ɗin zuwa launuka uku, don wanda bai iya karanta lamba ba ya iya karanta launi. Shi Morley ya yi shekaru yana duba yara a Imesi-Ile da ke ƙasar Yarabawa. Daga baya, a Mirriya ta jihar Damagaram a Nijar, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata yin awon da kansu, aka kuma ga suna gano tamowa daidai da ma'aikatan da aka horar.

To me ya haɗa wannan da mu? Ku tuna watan Agusta da Satumba a fadamar Haɗejiya. Hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba. Sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suna bin yara gida-gida. Idan kogi ya cika ya tumbatsa, kamar yadda muka gani a 2022, ƙauyuka a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri sai da kwalekwale ake isa gare su. A irin wannan lokaci uwa na da tambaya guda: in biya kuɗin fito in kai shi yau, ko in jira ruwa ya janye? Ido yana yaudara, musamman idon da ke kallon yaron kullum. Tef ɗin nan yana ba ta amsa a cikin ɗakinta.

Wani zai ce, "Mu marubuta ne, ba malaman asibiti ba, kada a mayar mana da adabi wa'azi." Mun yarda, labarin da ya koma lacca ya mutu. Amma ku dubi abin da ke cikin wannan awo. Halima ta zagaya tef, ya tsaya a ja. Surukarta ta ce, "Ke dai kin cika tsoro, haƙori ne yake fitarwa." Maigida yana can yana ƙoƙarin ceto shinkafarsa daga ruwa, kuɗin da ke aljihunsa na abincin gobe ne. Wa za ta bi, launi ko uwar miji? Ga rikici, ga soyayya, ga tsoro, ba tare da an kira aljani ko boka ba.

Sharaɗi ɗaya ne: idan za mu rubuta, mu rubuta daidai. Tef ba ya warkarwa, nuni kawai yake yi. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura yana cikin haɗari ko da awonsa kore ne. Kuma idan uwa ta ƙetare ruwa ta tarar babu abincin gyaɗar nan na masu tamowa a asibiti, wannan ma labari ne, kuma wajibinmu ne mu faɗe shi.

Aikin wannan mako: kowa ya je ƙaramin asibitin unguwarsu, ya roƙi ma'aikaciya ta nuna masa tef ɗin, ya riƙe shi a hannunsa, ya ga ƙanƙantar zoben da santimita 11.5 ke yi. Sannan ya rubuto mana labari mai shafi ɗaya. Muna jiran ku a ƙasan wannan rubutu.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.