RA'AYINMU: An Wanke Hannu, An Manta Da Zuciya

Ranar 5 ga watan Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa cutar korona ta fita daga matsayin bala'in gaggawa. Jama'a suka yi hamdala, aka jefar da takunkumi, bokitan wanke hannu da aka jera a ƙofofin azuzuwa kuma suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. To, amma a ganinmu akwai wani bashi da annobar ta bari a wuyan hukumomin ilmi, wanda har yau ba a biya ba, wato kula da lafiyar hankalin yara 'yan makaranta da ta malamansu. Wannan bashi shi muke so mu tuna wa masu karatu, tun da yawancinmu muna makaranta sa'ad da abin ya faru, nan gaba kaɗan kuma mu ne za mu riƙe alli ko biro a ofis.

Ranar 19 ga watan Maris, 2020, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da umurnin a rufe makarantu, jihohi kuma suka bi sahu. Ba Nijeriya kaɗai ba, domin a lissafin hukumar UNESCO ɗalibai fiye da biliyan 1.5 ne suka zauna gida a faɗin duniya cikin watan Afrilu na wannan shekara. A nan ƙasar, 'yan ajin ƙarshe ba su koma ba sai 4 ga Agusta, aka ba su mako biyu kacal su shirya wa jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga wata. Sauran azuzuwa kuwa yawanci sai a watan Oktoba, bayan kusan wata bakwai. Jami'o'in gwamnati suka haɗa zaman annoba da yajin aikin malamai, daga Maris har Disamba.

Wanda ya ce yaran nan hutu suka yi, bai lura da abin da idanunsu suka gani ba. A Kano, cikin watan Afrilu, dattawa suka riƙa faɗuwa kamar ganye a lokacin hunturu, har daga baya Ministan Lafiya ya bayyana cewa an ƙirga mutuwa 979 a 'yan makonnin nan, kuma mai yiwuwa ne fiye da rabinsu korona ce sanadi. Yaro ya rasa kakansa ko limamin unguwarsu, aka kai shi makwanci cikin gaggawa, ba a yi zaman makokin da aka saba ba, balle a samu mai dafa kafaɗarsa. Azumi ya zo ana cikin kulle, an rufe masallatan Juma'a da kasuwanni, maigidan da sai ya fita ake ɗora tukunya yana zaune cikin gida yana huci. Almajirai kuwa, gwamnonin Arewa suka sa aka kwashe su cikin manyan motoci zuwa jihohinsu na asali, aka killace su a sansanoni, ana nuna su da yatsa kamar su ne suka ƙirƙiro cutar. An yi ƙoƙarin ba da darasi ta rediyo da talabijin, kuma mun yaba, amma rediyo ba ya ganin fuskar yaro, ba ya kuwa tambayarsa ko ya karya kumallo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa a shekarar farko ta annobar, ciwon fargaba da na matsananciyar damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya, kuma matasa suna cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Babu dalilin da zai sa mu ɗauka namu yaran da baƙin ƙarfe aka ƙera su. Ga shi kuma ba a daɗe da buɗe makarantu ba sai 'yan bindiga suka sace ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, da Jangeɓe cikin Fabrairu 2021, aka sake rufe makarantun kwana da yawa. Tsoro ya hau kan tsoro.

Da aka koma aji, abin da aka sa wa ido shi ne sabulu da ruwa da na'urar auna zafin jiki da tazara tsakanin kujeru. Duk wannan daidai ne. Amma yaron da ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba. Damuwar yaro ba kasafai take fitowa ta baki ba. Takan fito ta ciwon kai da ciwon ciki marasa dalili, ko rashin barci, ko fitsarin kwance bayan an daɗe da dainawa, ko saurin faɗa, ko kuwa shiru irin wanda ba halinsa ba. Zuciyar da ke cike da tsoro ba ta riƙe karatu, ko da mai ita ya zura wa allo ido tun safe har azahar. Malamin da ba a koya masa gane waɗannan alamu ba sai ya ɗauka taurin kai ne ko daƙiƙanci, ya ɗauko bulala. Ta haka ake tura yaro daga bayan aji zuwa bayan gari, inda masu sayar da ƙwaya suke jiransa hannu biyu-biyu.

Shi ma malamin abin tausayi ne. Malaman makarantu masu zaman kansu da yawa sun yi watanni ba albashi, domin kuɗin makaranta ya tsaya. Wasu suka koma talla ko aikin lebura, wasu suka ci bashin da ya bi su shekaru. Da aka buɗe, aka ce su cusa aikin zango uku cikin ɗan lokaci, alhali su ma sun yi rashi, su ma suna tsoron ɗaukar cuta su kai wa iyali. Haka masu dafa abinci da masu gadi da iyayen ɗakunan kwana, waɗanda ba a ko ambaton su in ana zancen ilmi. Tulun da babu ruwa a cikinsa ba ya shayar da kowa.

Me ya sa aka yi shiru? Da farko dai tarbiyyarmu ce. An koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji ba ya kuka, 'ya mace kuma kunya ce adonta. Haƙuri da dauriya halaye ne na yabo, ba ma musun haka, amma mai ciwon haƙori ma yakan yi haƙuri, kuma ya je a duba shi. Na biyu, da zarar an ambaci ciwon hankali sai tunanin mutane ya tafi kan mahaukaci tuburan a bakin kasuwa, don haka iyaye sukan gwammace su ɓoye. Ita kanta doka ta daɗe a kan wannan fahimta: dokar mahaukata ta 1958 ce take aiki har zuwa Janairu 2023, sa'ad da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar hankali. Na uku, a shekarun annobar likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Asibitocin Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri ba za su iya ɗaukar damuwar kowane ɗan firamare ba, ba kuwa can ya kamata a fara kai shi ba.

Tun a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa mai ciwon hankali ya fi samun sauƙi in yana zaune cikin jama'a tare da danginsa. Ga yaro, jama'ar nan ita ce makaranta. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ma ta tanadi malamin ba da shawara a makarantun gaba da firamare, sai dai a wurare da yawa ofishin a takarda yake, ko kuwa an ɗora wa mai shi darussa har ba shi da lokacin sauraren kowa.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatun ilmi na jihohi da su yi abubuwa huɗu. Na ɗaya, kwalejojin horon malamai da tsangayoyin ilmi su koya wa kowane malami gane alamun damuwa a jikin yaro, da yadda ake sauraro ba tare da tsawa ko tonon asiri ba. Na biyu, a raya ofishin ba da shawara, a rage wa mai shi darussa, a sa mace a makarantun 'yan mata, a kuma haɗa shi da asibiti mafi kusa domin abin da ya fi ƙarfinsa. Na uku, a rubuta tun yanzu cewa duk ranar da aka sake rufe makarantu, malamin aji zai riƙa bin sawun ɗalibansa ta waya ko ta hannun mai unguwa, kuma makon farko na komawa na gaisuwa da ta'aziyya da wasanni ne, gwaji ya jira. Na huɗu, a tanadi asusun da zai riƙe albashin malamai da ƙananan ma'aikata a irin wannan lokaci, har da na makarantu masu zaman kansu. Limamai da malaman tsangaya da ƙungiyoyin iyaye su ma a jawo su ciki, domin maganarsu ta fi takardar ofis shiga kunne.

Kada wani ya ce abin ya wuce. Sanƙarau da kwalara da zazzaɓin Lasa ba baƙi ba ne a ƙasar nan, mashaƙo kuma ya kashe yara da yawa a Kano da maƙwabtanta a 2023. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku 'yan'uwa ɗalibai da za ku tafi koyon aikin koyarwa ko bautar ƙasa, in kun ga yaro ya yi tsit a lungun aji, ku ajiye bulala ku tambaye shi lafiyar gida. Ku kuma ƙananan ma'aikata da ke tsara kasafi da rubuta takardun shawara, ku sa wannan magana a ciki ko da maigida bai tambaya ba. Allah Ya kiyaye mu da wata annoba, Ya kuma ba shugabanninmu ikon ji.